Daushen Surukina

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara zuwa Kano, sana'ata goro ce a Gumel. Nakan ɗora wa jaki in kai kasuwannin Gagarawa da Sule Tankarkar. Arziki dai ban yi ba, amma an san ni da abu guda: in na ɓara goro na tauna, zan gaya maka watansa nawa a ajiye, da kuma ko zai ƙara kwana. Ina ji da wannan baiwar fiye da kima, ba zan ɓoye ba.

Goron da ya shekara shi ake kira daushe. Sabon goro ɗaci ne kawai da ruwa. Daushe kuwa ɗacinsa ya kwanta, garɗinsa ya fito, in ka kora da ruwa sai ruwan ya koma zaƙi a maƙogwaro. Sai dai yana da iyaka. Makonni kaɗan yake yi a kan ganiyarsa, daga nan ya soma mutuwa ta ciki alhali bayansa na nan sumul. Shi ya sa masana ba sa neman ruwa sai a kan goron da ya isa. Mataccen daushe in ka sha ruwa a kansa warin tsohon rumbu yake tayarwa, don haka shiru ake yi a haɗiye.

Surukina, mahaifin matata, tsohon falke ne da ya sha taka Gwanja da ƙafa. Goron da jirgi ke kawowa bai ɗauke shi goro ba. Yana da wani ɗaki mai sanyi a ƙuryar gida inda yake jera kwandunansa, kowanne a lulluɓe da ganye. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya zazzage su a tabarma, ya tsince wanda tsutsa ta taɓa, ya yayyafa ruwa, ya sake ganye. Ko 'ya'yansa ban ga ya yi musu irin wannan reno ba, kuma matata ta fi ni faɗin haka.

Abin da mutanen gari ba su sani ba, haƙoransa sun zube, sai ya goga goro a magogi yake ci, kuma tun wani zazzaɓi da ya yi ɗanɗano ya bar bakinsa. Ido da hannu suna nan, amma baki ya tafi. Ni ne na zama bakinsa.

To, ga matsalar. Suruki ba ya tauna komai a gaban surukinsa, kunya ba ta bari. Saboda haka muka yi wata dabara ba tare da mun taɓa yin maganarta ba. In na zo na tuɓe takalma na durƙusa na gaishe shi, sai ya miƙo mini goro ɗaya. In zagaya bayan zaure, inda kullum nake tarar da moɗar ruwa a ajiye a gindin bango. In ɓara, in tauna, in kora, in dawo in durƙusa in faɗi abin da na ji.

Yana da aboki a Maigatari, wanda suka yi fatauci tare tun suna samari. Kowace shekara bayan kaka sukan haɗu, kowa ya fito da daushensa a gwada na wa ya fi. Ba a ci wa kowa komai, sai dai wanda aka kayar ya sha tsiya shekara guda. A wannan shekarar abokin ba shi da lafiya, kuma surukina ya ce mai yiwuwa wannan ce haɗuwarsu ta ƙarshe. Surukina yana da wasu manyan fararen goro guda hamsin da ya zaɓa da hannunsa daga wani ayarin ƙafa, ya ware su domin ranar.

Ana tsakiyar damina ya ba ni ɗaya daga ciki. Wallahi har yau ban sake cin irinsa ba. Na shanye moɗar tas, na tsaya ina lasar baki kamar akuya ta sami gishiri. Amma na ji abin da mai sana'a ke ji: goron ya kai ƙarshen hawansa. Maganar da ta kamace ni ita ce, Baba, yanzu ne, a kai masa a makon nan. Da na dawo na ga yadda ya zuba mini ido, sai na ji bakina ya ce, “Baba, wannan sai ƙaruwa.”

“Zai kai kaka?”

“Zai kai, da yardar Allah.”

Na so in faranta masa ne, kuma na so ya ci gaba da ganina a matsayin surukin da ke kawo labari mai daɗi. Ban yi tunanin wata uku na gaba ba.

Da aka gama yankan gero, saura kwana uku mu tafi, ya sake miƙo mini ɗaya. A ido ba shi da makusa. Na zagaya, na sa farce na ɓara, sai ya buɗe ba tare da wannan ƙarar ta lafiyayyen goro ba. Na tauna. Ya marmashe a baki kamar ɓawon gyaɗa, ɗaci ba garɗi, can ƙasa kuma ga ɗan warin nan. Na daɗe a tsaye ina kallon bango. A gidana akwai daushe ɗan shekara guda da ke kan ganiyarsa. Da na faɗi gaskiya, da an musanya, ba wanda zai ji. Amma faɗin gaskiyar yana nufin in durƙusa gaban dattijon da ya ba ni 'yarsa in ce masa renon shekara da wata biyu ya tashi a banza, kuma ni na jawo. Na tofar a ƙasa, na tura rairayi da ƙafa na rufe, na dawo na durƙusa a gabansa.

“Malam, yaya ka ji shi?”

“Ya yi, Baba.”

“Ka tabbata? Kada ka ji kunyata. Wancan tsohon ba ya raga wa kowa.”

“Ya yi ƙwarai.”

Muka kama hanyar Maigatari da sassafe, shi a kan jaki, ni a ƙasa ina riƙe da ƙunshin. Tun da na san shi ban taɓa jin ya yi surutu irin na ranar ba. Ya ba ni labarin kogunan da suka ƙetare, da shekarar da abokin ya zo da goron da ko jaki ya ƙi. Ni kuwa kowane taku ji nake kamar in ce mu koma, amma ban ce ba.

Mun sami abokin a zaurensa, an jingina shi da matashi, ya rame sosai. Dattawan unguwa huɗu ko biyar suna zaune. Yana ganin surukina ya washe baki.

“Kai, tsohon banza, ashe ba ka mutu ba?”

“Ina zan mutu ban kayar da kai ba?”

Aka yi dariya, aka gaisa. Surukina ya kwance ganyen a hankali, ya zaɓi mafi girma ya miƙa masa da hannu biyu. Ni ina rakuɓe a bakin ƙofa. Abokin ya juya goron, ya yaba farinsa, ya ɓara, ya ciza. Na ga muƙamuƙinsa ya tsaya. Ya ɗago ido, bai dubi surukina ba, ni ya duba. Sannan ya ci gaba da tauna har ya haɗiye.

“Ka kayar da ni bana,” in ji shi. “Nawa ma ba sai na fito da shi ba.”

Aka raba wa sauran dattawan. Kowa ya ɗan gutsura, ya ce madalla, ya soke ragowar a hula. Ga tulu nan a kusurwar zaure da moɗa a kansa, ba wanda ya waiwaye shi.

A hanyar dawowa surukina bai ce uffan ba har muka yi nisa. Na ɗauka gajiya ce, har na fara yi wa kaina murnar an rabu lafiya. Sai da muka hango itatuwan Gumel ya yi magana, bai juyo ba.

“Shekara arba'in muna wannan abu. Bai taɓa cewa na kayar da shi ba sai ya sha ruwa ya yi gardama. Yau tausayina ya ji.”

Na ce, “Baba, ai rashin lafiya ne.”

Ya bar jakin ya yi taku kamar goma.

“Ranar da na ba ka goron ƙarshe, da ka tafi, na zagaya ɗauko moɗar. A cike na same ta. Na ce wa kaina mantuwa ka yi, don ban taɓa jin ƙarya a bakinka ba.”

Haka muka ƙarasa gida. Bai yi mini faɗa ba, bai gaya wa 'yarsa ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Abokin ya rasu kafin damina ta zagayo, ba su sake haɗuwa ba. Na ci gaba da zuwa gaisuwa kowace Juma'a har shekara shida da surukina ya ƙara a duniya. Yakan amsa da fara'a, ya tambayi yara, ya sa mini albarka. Wani lokaci har ya ba ni goro, ya ce in kai gida. Ina fita nakan saci kallon bayan zaure, amma ban sake ganin moɗa a gindin bangon nan ba.