Mudun da Aka Rataye a Bango

A bayan gidan da muke haya a Unguwar Dosa akwai wani mai gyaran jikin mota, irin masu bubbuga ƙarfe su miƙar da shi idan an yi karo. Kullum da safe in ya ɗaga guduma ya sauke a kan ƙarfe, ƙwam, sai in tashi in rufe taga. Maigidana ya ce in abin ya dame ni haka mu nemi wani gida. Na ce masa ko ƙarshen Mando muka koma ƙarar nan sai ta bi ni, don tun ina 'yar firamare take cikin kunnena. Ƙarar guduma ce ta hana ni tallafin karatun da aka kafa da sunan kakana na wajen uba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Zauna ka ji yadda aka yi.

A Unguwar Kanawa na tashi. Kakana shi ne shugaban ƙungiyar masu sayar da kayan masarufi a 'yar kasuwar unguwarmu, masu shinkafa da wake da gero, da masu sukari da gishiri da manja. Dogo ne, baƙi, ga zafin zuciya kamar garwashi. A gida kuwa abokin wasana ne. Da na shigo zai ce ga amaryarsa ta iso, mummuna da ita, ni kuma in ce ba na auren tsoho mai goro a haƙori, ya yi dariya ya zaro mini alawa daga aljihu. A ɗaya aljihun kuma guduma ce. Ita ma kullum tana jikinsa.

Ka san yadda maha'inci ke yi da mudu? Kifa shi yake yi, ya ɗan bubbuga gindin ya shige ciki. Ido ba ya gani, amma duk awo ɗaya an rage wa mai saye tafin hannu na hatsi. To, kakana yakan tashi rana tsaka, ba sanarwa, ya bi rumfa rumfa da mudun ƙungiya. Ya cika shi da gero, ya juye a naka. In ya zauna daidai ya ce Allah ya yi albarka ya wuce. In gero ya zube ƙasa, shi ke nan, ka kaɗe. Zai fito da mudunka tsakiyar hanya ya murƙushe shi da guduma kowa na kallo, a rataye shi a ƙusa a bangon rumfar ƙungiya, kai kuma ka kwashe kayanka ka bar kasuwa. Daga ranar gidanka ba shi da rabo a duk wani alherin ƙungiya. Dokarsa ce, shi ya kafa ta.

Babana shi ne ɗansa na fari, don haka ban taɓa jin kakana ya kama sunansa ba, sai dai ya ce yaron nan. Rumfarsa tana layi ɗaya da ta kakana. Wata shekara tsada ta yi tsanani, damina ta ja baya, hatsi ya yi wuya, ummata kuma tana fama da jinyar ƙanina. Ba ina wanke babana ba ne, wallahi ya yi. Ya buga gindin mudunsa.

Wata ranar Asabar ce da hantsi, an aike ni in kai masa koko da ƙosai. Ina tsaye da kwano a hannu sai ga kakana da dattawa biyu a bayansa. Har ya wuce rumfar babana, sai ya tsaya, ya dawo. Ina jin don kada a ce ya tsallake ɗansa ne. Ya cika mudun ƙungiya, ya juye a na babana. Na ga gero yana gangarowa ta gefe yana zuba a kan takalminsa. Kasuwar ta yi tsit, har mai niƙa ya kashe injinsa.

Kakana ya ɗauki mudun babana ya fita tsakiyar hanya ya ajiye. Babana ya bi shi ya durƙusa, ya ɗora hannunsa na dama a kan mudun yana cewa, “Alhaji, ka rufa mini asiri, ka dubi yaran nan.”

“Ɗauke hannunka,” in ji kakana.

Bai ɗauke ba. Kakana kuma bai sake faɗa ba. Gudumar ta sauka a kan yatsu da ƙarfe gaba ɗaya, ƙwam! Ihun da babana ya yi ban taɓa jin babban mutum ya yi irinsa ba. Jini ya fantsama a kan geron da ya zube. Kokon ya suɓuce daga hannuna ya ƙona mini ƙafa, ban ma ji ba sai daga baya. Kuma ka san abin da ya fi ba ni tsoro? Kakana bai tsaya ba. Ya ture shi gefe da ƙafa, ya ci gaba da dukan mudun nan har ya zama kamar faifai, idanunsa jajur, hawaye na bin gemunsa. Da dattawan suka riƙe shi ya fizge, ya mari ɗaya daga cikinsu. Shi da kansa ya je ya rataye mudun a ƙusa.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma yatsu biyu suka warke a karkace. Babana ya koma dako a tashar Mando, yana ɗaukar buhunan da a da shi ke saye. Kakata ta daina kai wa kakana abinci da hannunta, sai dai ta aike mu. Ni kuma na daina karɓar alawarsa. In ya ce amaryata, sai in kau da kai. Babana ne kaɗai bai fasa ba, kullum da safe sai ya je zaure ya durƙusa ya gaishe shi, kakana ya amsa yana kallon bango. Haka suka yi shekaru.

Ina ajin ƙarshe na sakandare wata tsadar ta sake zuwa, wadda ta fi ta farko. Sai surutu ya bazu a gari cewa 'yan kasuwa sun ɓoye abinci a sito suna jiran ya ƙara kuɗi. Wata rana bayan azahar muka ji hayaniya daga bakin titi, mata na gudu suna jan yara, ana ta rufe shaguna garam garam. Matasa ne suka taso da gora da adduna da duwatsu, wasu ma yaran da kakana ya sha ba su sadaka ne. Kowa ya gudu ya bar kayansa. Kakana kuwa, tsoho da shi, ya je ya tsaya a ƙofar siton ƙungiya da gudumarsa, yana ce musu kayan nan amanar mutane ce, wanda zai shiga sai ya bi ta kansa. Waɗanda suka gani sun ce ya fasa wa na farko kafaɗa. Daga nan dutse ya same shi a goshi ya faɗi, suka bi ta kansa ɗin kuwa, da buhuna a kafaɗunsu suna tattaka shi.

Labari ya kai Mando. Babana ya hau acaba ya zo, ya kutsa cikin taron nan hannu rabbana. Aka sare shi a baya, aka fasa masa leɓe, bai tsaya rama ko ɗaya ba. Ya saɓo ubansa a baya yadda ya saba saɓar buhu. Wannan da idona na gani, ina leƙe daga zauren kakata: ya shigo layinmu yana tangaɗi, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ba ka iya bambance jinin wane da na wane. A bakin zaure na ji kakana ya ce da wata ƙaramar murya, “Yaron nan, sauke ni, ka gaji.” Aka shimfiɗa shi a tabarma ana neman mota. Ya laluba ya kama hannun babana, wannan mai karkatattun yatsun, ya riƙe. Kafin mota ta zo rai ya yi halinsa.

Ranar addu'ar bakwai 'yan ƙungiya suka yanke shawarar yi masa sadaka mai gudana. Kowace Juma'a kowane mai rumfa zai ware mudu ɗaya na abin da yake sayarwa, a tara a sayar, a riƙa ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan 'yan kasuwa masu ƙoƙari, da sunan marigayi. Abin ya yi kyau, kowa ya yaba. Sai dai dokarsa tana nan: gidan da mudunsa ke rataye a bango ba ya ciki.

A shekarar na ci jarrabawa, na sami gurbi a makarantar koyon aikin jinya. Gidanmu kuwa ko kuɗin rajista babu, babana yana kwance rub da ciki saboda saran da ke bayansa. Tallafin nan shi ne kaɗai hanyata. Na sa rai ƙwarai, don ina ganin ai ba za a ba 'ya'yan wasu a hana jikar mai sunan ba.

Ai kuwa wata ranar Lahadi da la'asar sai ga sabon shugaba da dattawa sun yi sallama. Ina bayan labule na kasa kunne, da tiren shayi a hannuna. Shugaban ya ce, “Malam, mun zauna mun duba. Abin da ka yi wa Alhaji ranar nan ya wanke komai. Za mu sauke mudunka daga bango, yarinyar nan ita ce ta farko da za mu ɗauka.”

Zuciyata ta yi fari tas. Sai na ji babana ya ce, “Na gode, Allah ya saka. Amma nawa ne kaɗai a bangon?”

Suka ce a'a, akwai na wasu.

“Su ma za a sauke nasu? Su ma suna da 'ya'ya masu ƙoƙari.”

Wani dattijo ya ce ai wannan daban, su ba jinin Alhaji ba ne, kuma in aka sauke duka doka ta mutu ke nan.

“To ku bar nawa a inda ya sa shi,” in ji babana. “Awo biyu ke nan za ku yi, ɗaya na jikarsa, ɗaya na 'ya'yan mutane. A kan irin wannan ya karya mini hannu. Ba zan sake ci da mudun da aka buga ba, balle da sunansa.”

Kai! Ban san lokacin da na banko labulen ba. Na yi jifa da tiren nan a tsakar ɗaki, kofuna suka tarwatse, ruwan zafi ya watsu a rigunan dattawa. Na ce, “Baba, kai ka yi ha'incin, ni zan biya? Ni na buga mudun?” Ummata ta fito a guje ta wanke ni da mari har sai da na ga wuta, ta ƙara, ta ja ni ciki da gashi tana cewa yau sai ta kashe ni ta huta. Babana ko ɗaga kai bai yi ba. Ya sa hannun nan nasa yana tsince fasassun kofuna daga gaban baƙi.

Gurbin ya wuce ni. Ranar da aka yi taron farko na raba tallafin, da rumfuna da kujeru da lasifika, ina jin ana kiran sunan kakana ana kiran 'ya'yan maƙwabta, ni ina tsakar gida ina suyar awara ta sayarwa, ina kuka hayaƙi na taya ni. Shekara biyu na yi a haka. Babana bai gama warkewa ba ya koma tasha, ya yi ta dako har bayansa ya lanƙwashe, da wannan da kuɗin awarata na shiga makarantar daga baya. Na nemi gafararsa a kan ɗaga murya da na yi, ya yafe. Maganar kanta kuwa ban janye ta ba, don har gobe ina ganin zalunci ne a hukunta yaro da laifin ubansa. Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, shi ma abin da yake faɗa ke nan.

Yanzu kasuwar ta canza. Shinkafa a leda take zuwa da awonta, sikeli ya yi yawa, samarin da ke rumfunan ba su ma san mene ne waɗannan tsatsattsun faya-fayan da ke bango ba. Tallafin dai yana nan, ya yaye malamai da injiniyoyi. Bara 'yan ƙungiya suka aiko mini, wai a matsayina na jikar marigayi kuma ma'aikaciyar jinya, in zo in miƙa wa yaran shekarar tallafin da hannuna. Na ce zan zo, amma sai an sauke duk abin da ke bangon nan an soke dokar. Aka yi ta ja-in-ja, wani tsoho har ya ce na gado baƙar zuciyar kakana. Na ce masa ƙwarai kuwa, har gudumar tana wajena in yana son gani. A ƙarshe suka yarda.

Bayan taron na naɗe mudun babana a gyale na kai masa Unguwar Kanawa. Ya tsufa, ido ya yi rauni, yana zaune a zauren da ubansa ya cika a cikinsa. Na ɗora masa a cinya. Ya shafa shi da karkatattun yatsun nan, ya daɗe yana shafawa, sannan ya ce, “Na sauran fa?”

Na ce, “An sauke duka, Baba. 'Ya'yansu da jikokinsu duk sun shiga.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “To madalla. Yanzu sai ki je ki karɓi naki tallafin.”

Ni da nake da 'ya a sakandare! Na buɗe baki zan yi masa tsiwa irin ta da, sai dariya ta ƙwace mini, kafin in ankara ta koma kuka. Na kama hannun na riƙe, ina murza yatsun da duk karatun jinyata ba zai iya miƙar da su ba. Shi kuma yana ta tambayata ko na ci abinci.