Wanda Zai Harbi Malam Zailani

Ka taɓa harbin surukinka? Kada ka zabura, a kwamfuta nake nufi. Muhsin ya samu damar yin hakan sau goma sha huɗu a yammaci guda, ni na ƙirga, bai danna ko sau ɗaya ba.

Surukin nasa shi ne Malam Zailani na Ƙofar Kibo, mai gyaran kwamfutocin ofis, shekararsa hamsin da biyu. A 2004 ya jera tsofaffin kwamfutoci goma sha biyu a zauren gidansu, ya haɗa su da wayoyi, ya zuba musu gem ɗin harbi irin na da. Ba ka ganin komai naka sai bakin bindiga, kana gudu cikin lunguna, kana tsalle, kana ɓarin wuta. Minti biyar an gama zagaye. Ba intanet, ba jira, wanda ya tsaya cik na daƙiƙa biyu ya sheƙa. Akwai ranar da na ƙirga takalma arba'in da shida a bakin zauren, wato mutum ashirin da uku.

Yau kwamfuta huɗu suka rage, masu zuwa ranar Asabar bayan la'asar kuwa mu uku: shi, ni da Muhsin. Sauran sun koma gem ɗin waya.

"Wannan gem ne?" in ji Malam. "Ƙato ya kwanta cikin ciyawa minti ashirin kamar macijin da ya haɗiyi ƙwai, wai yana dako!"

Waya ta kwashe mana mutum ashirin, na yarda. Amma abin da ya kusa ƙarasa zauren furfura ce. Ni a hannun Malam na koyi gyara, shekara shida. Muhsin kuwa 'yarsa ta fari yake aure, ko sunansa ba ya iya faɗa. In suka yi kiciɓis a lungu cikin gem, sai Muhsin ya raɓe jikin bango ya ba shi hanya. Rannan har "Sannu, Baba" na ji ya ce, kafin Baban ya tarwatsa shi.

Wata Asabar Malam ya ci mu talatin da nema. Maimakon ya yi murna sai ya ture kujera.

"Ni kuke wa kara? Da ina son ladabi ai majalisar dattawan unguwa zan je in zauna. Asabar mai zuwa Jumare ɗan gwangwan zai zo da kurarsa. In ba a samu mai harbina tsakani da Allah ba, ya kwashe kwamfutocin duka. Kuma kada wani ya yi min na ganin ido, ina ganewa."

Na gwada a ranar. Na saita shi sosai, yatsa ya ƙi, harsashin ya tafi gefen ƙafarsa.

Da na koma gida sai na ɗauki biro. Su wa al'ada ta yarje wa su yi wa Malam tsiya ido da ido? Jikoki da abokan wasa. Jikoki biyu ne, babban shekararsa uku. Abokan wasa huɗu: ɗaya na Legas, biyu ba sa ganin allo sai da tabarau biyu. Saura Binta, 'yar kawunsa, mai shagon buga takardu a Ƙofar Gayan. Na taɓa auna ta, kalma sittin da takwas take bugawa a minti, ba ta ko duban yatsunta.

"Wato Zailani za a harba?" ta ce da na yi mata bayani. "Me ya sa ba ka zo tun bara ba?"

Kwana uku na koya mata a shagonta, minti arba'in kullum. Maɓalli huɗu na tafiya, ɗaya na tsalle, doka ɗaya: kada ki tsaya.

Ranar Asabar Jumare ya riga mu zuwa, ya jingina kurarsa a ƙofar gida yana cin gyaɗa. Binta ta yi sallama, ta gyara mayafi, ta ja kujera.

"Cikin gida ake shiga ta can, Hajiya," in ji Malam.

"Wurinka na zo, bawana. An ce ka gagari maza."

"Ke da ko tsaka ba kya iya kashewa?"

"Tsaka ai tana da gudu. Kunna."

Daƙiƙa goma sha ɗaya ya kashe ta. Ya sake, ya kuma sake. Ana uku da nema sai ta diro masa daga saman matakala, tana tsalle kamar fara, ta juye masa duk abin da ke bindigarta. Allonsa ya yi ja wur.

Muhsin ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin.

"Tashi mana, tsoho," in ji Binta. "Ko a kawo maka sanda?"

Malam ya cire hula ya ajiye a kan tebur. Rabon da in ga ya cire hula a gem, shekara tara ke nan. Aka tashi sha tara da bakwai, shi ya ci, amma gumi har ya jiƙa wuyan rigarsa, yana dariya yana cewa a sake. Sai da aka yi zagaye shida. A na biyar ni ma na same shi sau ɗaya, na ce kuskure ne, ya ce in ci gaba da irin wannan kuskuren.

Jumare ya leƙo. "Malam, in fara ɗauka?"

"Ɗauki ɓawon gyaɗarka ka yi gaba!"

Asabar goma sha ɗaya ke nan Binta ba ta fasa ba, mafi kyawun sakamakonta shi sha biyar, ita sha uku. Muhsin kuwa abin ya ƙara caɓe masa, don yanzu surukai biyu yake ba hanya. Ya ce a shirye yake ya bar kujerarsa ga duk mai so.

Saboda haka gurbi ɗaya na nan. Ka zo Asabar bayan la'asar, ka bar kunyarka a bakin zaure tare da takalmi, ka gwada minti biyar ba tsayawa. In ka ga mai furfura ya ɓullo a lungu, don Allah ka danna.