Wurin Suyata na Bakin Titi

'Yan'uwa mata, yau na ga abin da ya rufe min baki!

Kun san tun watan jiya nake kuka a taronmu na Zumuntar Matan coci kan Maman Joy, wadda ta ƙwace min wurin suyar ƙosai a bakin titin Durumi. Na koma lungu bayan coci, ciniki ya mutu. Har azumi na yi, ina roƙon Ubangiji ya dawo min da wurina. Shiru!

Da safen nan sai ihu. Masu rusau sun iso da katafila! Rumfunan bakin titi duk sun tafi. Teburin Maman Joy, kaskonta, har jarkar mai, an loda a mota. Lunguna ko kallonsa ba su yi ba.

Can sai ga ta, matsami kaɗai a hannunta. Ta ce, "Maman Dauda, dariya za ki yi min ko?"

Na ce, "Ina na ga ƙarfin dariya? Zauna ki juya min ƙosan nan, bayana ciwo yake."

Tare muka soya har ƙullu ya ƙare.

Ni dai na gaji. Daga yau na daina koya wa Allah aikinsa.