Baffa Hammadu da Balbelun Ranar Alhamis

An karɓe wa Baffa Hammadu katin shiga filin jirgi bayan shekara ashirin da uku yana aiki. Laifinsa ɗaya: ba shi da takardar gama sakandare. Kwamitin da aka ɗauko don sabunta dokokin filin ya rubuta cewa ba mai taka gefen titin jirgi sai mai satifiket. Ni Habibatu, mai masa a bakin ƙofar filin, ina da satifiket ɗin nan a ƙasan akwati, kuma ban taɓa ganin tsuntsun da ya gudu don ya ji labarinsa ba.

Baffa mutumin ƙauyen Inkil ne. A bayan shanun mahaifinsa ya tashi, da suka ragu ya bar wa ƙaninsa Mudathir sauran, ya shigo neman aiki. Aka ɗauke shi lebura, aikinsa ya hana dabba da tsuntsu hawa titin jirgi. Kullum da sassafe yana zagaya shingen waya da sandarsa, ya duba inda awaki suka ɓula, ya ɗaure. In ya gama sai ya zauna a bencina, masa huɗu, ba yaji. Zakka mai gadin ƙofa yakan tsokane shi wai shi kaɗai ne ma'aikacin jirgin sama da ƙafarsa ba ta taɓa barin ƙasa ba. Baffa ya ce shi bai ajiye komai a sama ba.

Akwai abin da bai taɓa yarda da shi ba, wato a yanke ciyawa ranar da jirgi zai sauka. Da damina fara na kwance cikin ciyawa. Injin yanka na wucewa sai ta tashi, balbela kuwa in ta hango fara ba ta neman izinin kowa. Sabuwar doka ta ce a yi yanka kowace Alhamis da safe, ba fashi, alhali ranar Alhamis akwai jirgin ƙarfe sha ɗaya. Baffa ya gaya wa shugaban kwamitin, aka ce an gode, an rubuta. Ba a rubuta ba. Ina wurin, ni na kai musu karin kumallo, biron mutumin yana aljihu.

Ko da aka karɓe katin bai daina zuwa ba. Ya ce ƙafarsa ta saba, kuma masar Inkil ba ta kai tawa ba. Sai ya zauna yana kallon shinge daga waje.

Alhamis ta biyu aka tada inji tun takwas. Kafin goma da rabi titin jirgi ya yi fari fat, kamar an shanya zannuwa. Samarin da aka ɗauka da satifiket suka shiga mota suna ta danna oda. Balbelun su tashi, motar na wucewa su sauka a bayanta. Jirgi ya iso ya kama zagaye a samanmu, masu jiran baƙi duk sun ɗaga kai. Baffa bai ɗaga ba, yana cin masarsa.

Sai ga manajan filin da kansa, rediyon oba-oba a hannu, gumi har wuya.

"Baffa, don Allah taso."

"Ranka ya daɗe, ba ni da kati."

"Bar maganar kati."

Zakka ya ce ai doka ta hana shi buɗe wa marar satifiket, yana faɗa yana zare sakata.

Baffa bai bi ta kan tsuntsayen ba. Ya ce a kashe injin tukuna. Sannan ya kira Mudathir a waya, da ma shanun suna kiwo a bayan shinge ta yamma. Ya ce ya kora su cikin doguwar ciyawar fadama, nesa da filin, a hankali. Kofato ya fi inji tada fara, kuma balbela ta san saniya tun kafin a ƙera jirgi. Baffa kuma ya bi gefen titin da sandarsa yana ɗaga balbelun ta wajen yamma. Rukuni-rukuni suka tashi suka bi shanu. Jirgi ya sauka lafiya. Baffa ya dawo ya tarar na ɗumama masa masar da ya bari, ya ce in ƙara biyu.

An sha hannu da shi, an ba shi lemon kwalba. Katin kuwa, wai sai kwamiti ya sake zama. Mako biyar ke nan. An dai daina yanka ranar Alhamis, a ɓoye, ba wanda ya ce shawarar wa aka bi.

To, ku 'yan kwamiti, ku zauna. In kujera kuka rasa ga bencina. Ku goge layin yankan Alhamis a rubuce, yadda kuka rubuta shi. Ku sa a dokar cewa shekarun aiki suna tsayawa a madadin satifiket. Ku haɗa samarin nan da Baffa ya koya musu kafin damina ta wuce. Katinsa kuma ku kawo masa nan bakin ƙofa, inda kuka karɓa, kafin Alhamis mai zuwa.