Sai An Cire Albasa

Shekarun baya can, farkon dawowar mulkin farar hula, lokacin da duk inda ka zauna a Kano hirar ba ta wuce shari'a da siyasa, na ɗauko mahaifiyata daga ƙauyenmu na kawo ta gidana a Nassarawa GRA. Mahaifinmu ya rasu, ta gama takaba, ga hawan jini ga ciwon gwiwa, ƙannena mata kuma duk suna gidajen aurensu. Likita ya ce lallai ta zauna kusa da asibiti. Na gyara mata ɗaki, na sa fanka, na sa katifa mai laushi, har da rediyo. Ni a ganina na gama komai, sai jiran a sa mini albarka.

Albarkar kam ta sa, amma zama ya gagara. Da damina ta daure. Ruwa na ɗaukewa, kaka ta shigo, sai Inna ta koma kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Ta fito tsakar gida, ta koma ɗaki, ta leƙa bakin get, ta dawo. Ƙullin kayan da ta zo da shi yana nan a ƙarshen gado, ta ƙi yarda a zuba shi a durowa.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ina zaune a wurin za ta dubi matata ta ce, "Ki gaya wa mai gidan nan, yanzu can an fara roron wake ana cirar gyaɗa. Ni kuwa ga ni nan ina gadin fanka."

Rashin zaman nata ni ma ya kama ni. Ina ofis hankalina yana gida. Da rana in ƙirƙiro dalili in leƙo, don kawai in tabbatar ba ta tari mota ba. Na san idan ta koma ƙauye, maganin nan ba za ta sha ba, kuma ranar da jinin ya hau ba mai kai ta ko'ina. Wani abokina ne ya ga na rame ya ce, "Mutumin da ya saba da ƙasa ka ajiye shi a kan siminti? Ba ku da fili a bayan gida?"

Muna da shi kuwa. Tsofaffin gidajen unguwar nan filin bayansu ya isa a buga ƙwallo, namu babu komai a ciki sai ciyawa da mangwaro da wata tsohuwar rijiya. Ranar Asabar na wuce kasuwar 'Yankaba na sayo irin alayyahu da latas, da dashen albasa da na tumatir. Na biya Tudun Murtala wurin wani mai kiwon awaki na ciko bayan motata da taki. Har mako ya zagayo, duk wanda na rage wa hanya sai ya sauke gilashi saboda wari yana kallona ta gefen ido.

Na tuɓe babbar riga na kama fartanya, na fara fitar da fangalin shuka. Rabona da ita tun ina firamare, kafin azahar hannuna ya yi bororo. Inna ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna tana kallo. Can ta gaji ta ce wa matata, "Ki ce masa fangalin nan ya yi faɗi, ruwa ba zai kai tsakiya ba." Na rage. "Ki ce masa ya yi ƙanƙanta." Kafin la'asar fartanyar tana hannunta, ni an mayar da ni jan guga. Washegari ta kwance gefen ƙullin nan ta ciro irin yakuwa da rama da ta taho da su daga gida. Ban taɓa jin daɗin ganin an kwance ƙulli kamar ranar ba.

Daga nan kullum bayan sallar asuba muna bayan gida, ni ina jan ruwa, ita tana yayyafawa. Ni mai gajen haƙuri ne, sai in tsuguna ina tona ƙasa da yatsa in ga ko iri ya fasa, ta kore ni da tsaki. Alayyahu ya tashi kore shar. Gwiwar ma kamar ta yi sauƙi. Na ce a raina shi ke nan, na ci nasara.

Ranar da aka yi yankan farko matata har ta ɗora tukunya, Inna ta hana. Ta ce ita ba ta taɓa fara cin abin da ta shuka maƙwabta ba su ɗanɗana ba. Ta fito da kwanukanta na gida, kowanne da ɗigon jan fenti a gindi, shaidar da take gane su da ita idan sun je gidan biki. Ta cika su da alayyahu, ta rufe. A ƙauyenmu idan aka kawo maka kwano, ba ka mayar da shi babu komai. Ko ƙullin kuka ne, ko ɗan gishiri, za ka saka. Da haka ake sanin juna, kwano ya je kwano ya dawo.

Wa zai kai? Ni. Na yi shekaru a layin nan, amma da motocinsu na san maƙwabtana. Ga shi lokacin siyasa, kowa ya ƙara wa katangarsa tsawo, wasu ƙofofin cike da masu jiran ganin mai gida. Na dinga bi ina ƙwanƙwasa get da kwano a hannu, da hulata da agogona. Wani mai gadi ya ce, "Alhaji ba ya nan, a ajiye a nan." Wani ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, daga wace mazaɓa?" Na ce daga gida na uku a hannun dama.

Inna ta koma zama tana fuskantar get. Ko iska ce ta taɓa ƙarfen sai ta ɗaga kai. Shiru. Ta ce wataƙila ba sa son alayyahu, da latas ya yi ta sake cika sauran kwanukan, na sake zagayawa. Nan ma shiru. Kwanukanta suka ƙare, ko ɗaya bai dawo ba. Sai ta daina fitowa lambun, ta bar ni da gugana ina ba ganye ruwa ni kaɗai. Na ga an sake ɗaure ƙullin nan tamau.

"Ki gaya masa," ta ce wa matata, "wurin da kwano zai fita ya ɓace, ranar da mutum ya mutu ma ba wanda zai sani. A nemo mini mota ranar Asabar."

Na durƙusa ina kawo maganar likita da asibiti. A ranar ne ta dube ni, ni ɗin, ta ce, "Ban ce ka yi mini laifi ba. Amma ni ba kaya ba ce da za a ajiye."

Makon nan ban san me na ci ba. Har na yi tunanin in sayo kayan miya in zuba a sabon kwano in ce daga maƙwabta ne, sai na tuna jan fentin nan. Na yi tunanin in bi gida gida in karɓo mata kayanta, sai na ga kwanon da aka je aka roƙo, babu komai a ciki, ya fi wanda ya ɓata ciwo. Na yi magana da direban da zai kai ta. Tsoro nake ji ƙwarai, don ina ganin idan ta tafi ba za ta ga wata kakar ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka buga get. Na buɗe na ga wata tsohuwa da sanda, ta rungume kwano a ƙirji, mai gadin nan mai tambayar mazaɓa yana biye da ita yana sunkuyar da kai. Ashe mahaifiyar ɗan siyasar da ke ƙarshen layinmu ce, ita ma daga wani ƙauyen Katsina ɗanta ya ɗauko ta.

"Ina mai kwanon nan?" ta ce. Inna ta riga ta fito. "Baiwar Allah, ki yafe mu. Yau na gan shi a ɗakin masu gadi suna jiƙa gari a ciki. Da na juya na ga fenti, na ce wannan da mai shi. Sai da na tsare su suka faɗa."

Inna ta karɓa ta buɗe. Daddawa ce, mai kyau, ƙamshinta har inda nake tsaye. Ta daɗe tana kallonta.

"Daddawar nan taki ce ta gida?" in ji Inna.

"Da hannuna na yi kafin a kawo ni nan. Tun da na zo, ban da likita ba wanda ya yi mini sallama."

Ba su shiga falo ba, bayan gida suka wuce. Baƙuwar ta dogara sanda ta leƙa fangalin albasa ta ce, "Wa ya yi wannan dashen? Ya cika su da yawa, ba za su yi kai ba."

"Na faɗa, ba a ji ba," in ji Inna, tana kallon matata.

Aka shimfiɗa musu tabarma a gindin mangwaro, suna ta hirar gero da jikoki da ciwon gwiwa har aka kira magariba. Da baƙuwar za ta tafi, kwanon nan dai ta koma da shi, cike da yakuwa. Ni ina raɓe ina jiran hukunci. Inna ta zo wucewa ta ce wa matata, ba tare da ta tsaya ba, "Ki ce masa motar nan a dakata tukuna, sai an cire albasa."

Albasa kuwa tana cin watanni. Da aka cire ta tumatir ya nuna, da ya ƙare damina ta kawo kai, aka shuka kuɓewa. Ba ta taɓa cewa ta fasa tafiya ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Shekaru ta yi a gidan nan, tana shan maganinta, kwano yana zuwa yana dawowa. Sauran kwanukan har yau ba labarinsu, kuma ba ta sake ambatonsu ba.

Ni na ɗauka ƙasa take kewa, shi ya sa na ba ta lambu. Ashe abin da take nema shi ne ta bayar, a karɓa, a tuna da ita. Ni duk hidimata ba ta wuce in ba ta ba.

Makon da Allah ya yi mata rasuwa, kwanon yana gidan ƙawar tata. Ana zaman makoki sai ga ta da sandarta, ta miƙo mini shi ta ce, "Nata ne, ɗana." A maƙabarta ban yi kuka ba. Amma da na ɗaga murfin na ga ta cika shi da daddawa, sai da aka riƙe ni.