Ranar da Talle Mai Tuwo Ya Kasa Fitowa a Ɗan Daudu

Cikin duk shekarun da na yi ina aiki a gidan talabijin a nan Minna, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba wata Laraba ce a tsakiyar damina. Ku da kuka zo bayanmu, ga yadda aka yi.

A lokacin ni ne marubucin wasan kwaikwayon da ake nunawa duk Juma'a da yamma. Darakta shi ke tsara ɗauka, manajan shirye-shirye kuma shi ke kallon kaset ya ce a sa ko kar a sa. Nawa aikin rubutu ne. Ina rubutawa da boko don ofis, in sake kwafa da ajami don dattawan 'yan wasanmu, sannan in tsaya bayan kyamara ina raɗa wa wanda ya manta maganarsa.

Ƙa'ida ita ce kaset ya isa teburin manaja ranar Alhamis. Ya riga ya ja mana kunne cewa in muka ƙara makara, zai ba sashen noma filinmu, a riƙa nuna yadda ake shuka doya. 'Yan wasanmu kuwa ba ma'aikata ba ne, da wasan nan suke cefane.

Tauraron wasan wani ɗan daudu ne da muka sa wa suna Rangwaɗa. Mai fitowa a matsayinsa Garba ne, direban tifa, ƙato mai murya kamar injin niƙa. Da an ce a fara, sai ya ɗaura zani a ƙirji, ya rambaɗa kwalli, ya riƙe ƙugu, ya tafa hannu, ya rangaɗa shewa. Ko ta'aziyya na rubuta, abin da Rangwaɗa zai yi ke nan, jama'a kuma su yi ta dariya.

Ranar Larabar saura ɗauka guda mu gama, sai aka aiko cewa Garba na kwance. Wai yana gwada sabon salon karairaya a tsakar gida ƙugunsa ya riƙe, sai da maƙwabta suka kai shi ɗaki ranga-ranga.

Daraktanmu Usman, matashi mai zafin nama, ya dafe kai. Yohanna mai ɗaukar hoto, mutumin kudancin Kaduna, ya ce, "Oga, me na wahala? Ga na gaske a Sabon Gari, kullum muna cin tuwonsa."

Talle yake nufi. Dattijo ne mai rumfar abinci, kuma duk Sabon Gari an san ɗan daudu ne tun ƙuruciya. Maganarsa a tausashe take irin ta mata, yaransa na sana'a Uwa suke ce masa. Abin da ake zargin irinsu da shi ban gani ba, ba kuma zan ba da shaidar abin da ban gani ba. Na dai sha yin sahu ɗaya da shi a masallaci.

Muka same shi yana kwashe tuwo. Ya ce, "Malam, ni ban iya wasa ba."

Usman ya ce, "Ba wasa za ka yi ba, Baba Talle. Kanka za ka fito."

"To in kaina ne, na iya."

Nan take na gyara labarin: Rangwaɗa ya yi tafiya, ya bar wa babbansa a sana'a rumfa. Na miƙa wa Talle takardar ajami, ya karance ta ba gargada. Fitowar mai sauƙi ce. Baba Ndagi, wani dattijon ɗan wasanmu, zai zo a matsayin mai saye, ya ɗanɗana miya ya ce ba gishiri, sai faɗa ya kaure.

Muka kafa rumfar wasa a bayan ofis. Miyar da ke cikin kwanon ta ganin ido ce kawai, kuka aka kaɗa a ruwan zafi. Aka fara ɗauka, Baba Ndagi ya yi ƙorafinsa. Talle ya karɓi kwanon, ya lasa, fuskarsa ta canza.

"Gaskiyarka, Alhaji. Wa ya yi wannan aika-aika? Ba daddawa, ba gishiri."

Usman ya tsayar da ɗauka. "Baba Talle, faɗa za ka yi da shi."

"A kan me? Bawan Allah ya faɗi gaskiya."

Aka sake. Wannan karon ya faɗi duk abin da na rubuta, amma yana tsaye kan tukunya yana tuƙi. Usman ya yi ta yi masa alama daga bayan kyamara, ƙarshe ya ce, "Riƙe ƙugu mana."

"Ɗan nan, hannu biyu Allah Ya ba ni. Ɗaya na muciya, ɗaya na bakin tukunya. Da wanne zan riƙe ƙugun?"

Sai Usman ya fizgi zanin Garba ya ɗaura a kan wandonsa, ya ce a kalle shi. Ya tako yana karairaya, ya murguɗa baki, ya tafa hannu, ya saki shewar da ta tashi tantabarun kan rufi. Talle ya jingine muciya ya kalle shi tun daga sama har ƙasa.

"Tubarkalla. Ko a zamaninmu ban ga mai irin wannan baiwa ba. Wa ya rene ka? Kai ka fito mana, ni in riƙe maka kyamara."

Yohanna ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Baba Ndagi ya ƙware da ruwan miyar kukar. Ni kuwa na cusa bakin rigata a baki, ina istigfari ina dariya, hawaye na zuba a kan takardata.

Da muka lafa, Talle ya ce a hankali, "'Yata tana kallon wasan nan a gidan mijinta a Sauka Kahuta, ita da surukanta. Abin da ta saba gani ina yi a rumfa, shi zan yi."

Hadari ya riga ya taso daga gabas, haske na ƙarewa. Usman ya dubi sama, ya kwance zanin, ya ce a ɗauka yadda Allah Ya so. Baba Ndagi ya sake ƙorafi, Talle bai ko ɗago daga tukunya ba ya ce, "Ci a hankali, Alhaji. Bakin da ya saba da miyar gidan biki ba ya jin gishiri sai an kaɗa masa kalangu." Muna rufe kyamara ruwa ya sauko.

Ranar Alhamis ni da Usman muka tsaya gaban manaja yana kallon kaset, ko murmushi bai yi ba. Da ya ƙare ya cire tabarau ya ce, "Kun cika alkawari, za a sa, filinku na nan. Amma wannan sabon ɗan wasan bai iya ba. Da gani bai taɓa zama da ɗan daudu ba. Ku kai shi Sabon Gari wurin Talle mai tuwo, wanda masinja ke sayo mini abinci a rumfarsa, ya zauna ya ga yadda suke yi."

Usman ya ce, "To, ranka ya daɗe." Ban san yadda muka kai ƙofa ba.

Da na kai wa Talle saƙon, sai da ya zauna a kan turmi don dariya. Ya ce, "Ku turo shi, Malam. Amma ya zo da shirin wanke-wanke."

Abin da na koya shi ne, aikinmu kamar kwafar littafi yake. In almajirin ilimi ya kwafa daga kwafi, wani ya kwafa daga nasa, kuskuren farko sai ya zauna daram, har ranar da aka kawo asalin littafin a ce shi ne mai kuskure. Garba daga wani wasan ya kwaso Rangwaɗa, mai wancan wasan ma daga wani. Saboda haka kafin ku rubuta mutum, ko wane iri ne shi, ku je inda yake neman abincinsa ku zauna tukuna.