Jarrabawar da Aka Bar Ni da Littafi

A shekarata ta farko a Doha, aikina a wani gidan motsa jiki shi ne goge na'urori da jera ƙarafan ɗagawa, alhali digirina na ilimin motsa jiki yana kwance a ƙasan akwati. Da gurbin mai horarwa ya samu, manajan ya ce digirin kaɗai ba zai wadatar ba. Sai na kawo takardar shaidar ƙwarewa kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a ɗauko wani daga waje.

Hanyoyin samun takardar biyu ne: ko mutum ya rubuta jarrabawar ta intanet da littafinsa a buɗe, ko ya shiga zaure inda mai sa ido zai tsaya a kansa. Na zaɓi ta farko ba tare da dogon tunani ba.

Abokin ɗakina a unguwar Mansura, wani direba mutumin Kano da ya girme ni, shi ya raka ni shagon intanet na ƙasan benenmu.

"Ɗan boko, wai da gaske an yarda ka duba littafi?"

"An yarda, Yaya."

"To ai wannan walima ce, ba jarrabawa ba."

Tambayar farko a kan tsokar da ke miƙar da gwiwa ce. Na san amsar tun ina ajin farko a jami'a, amma tunda littafin yana gabana, sai na ga ƙin dubawa sakaci ne. Na duba, ta yi daidai. Na buɗe littafi na biyu domin in tabbatar. Haka na bi kowace tambaya. Da na iso kan bugun zuciya, littattafan suka ɗan saɓa wa juna, na tsaya yi musu sulhu.

"Yalla, yi sauri ka danna mana! Agogon nan fa ba ya jiran kowa."

"Yaya, lafiyar mutane ce. Ba a yi mata kintace."

"Ai kafin ka gama, mutanen sun tsufa."

Ban kai rabi ba allon ya rufe. Duk abin da na amsa daidai ne, sai dai makin bai isa ba. Direban ya yi ta dariya har mai shagon ya leƙo.

Dole na yi rajistar ta zaure. Mai sa idon, wata mata mai tabarau, ta karɓe jakata da wayata, ta sa na zazzage aljihu. Na zauna daga ni sai fensir da abin gogewa. Sau da yawa hannuna ya kai gefen tebur neman littafi, ya tarar da katako. Da babu yadda zan yi, sai in rubuta abin da na sani in wuce. Ina ɗaga abin gogewa domin sauya wata amsa da na fara zargi, matar ta ce khalas, lokaci ya ƙare, ta zare takardar daga ƙarƙashin hannuna.

Sakamakon ya fito kafin watan ya ƙare, kuma na ci. Manajan ya miƙo mini rigar masu horarwa, ya ce da safe akwai wani dattijo mai ciwon baya da zai jira ni.